Wa Zai Zauna da Kare Ranar Talata

Ranar da na fara ganin Tuva, masifa na yi mata, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ƙarshen watan Agusta ne, ina tura injin yanke ciyawa a filin tunawa da mamata na cikin maƙabarta, sai na hango wata yarinya ta shigo da kare har tsakiyar filin yana ta shinshine-shinshine. Na kashe injin na ɗingisa zuwa wajenta, don gwiwata ta hagu ta daɗe da yin ritaya ta bar ni a bakin aiki. Na tambaye ta ko makarantarsu ta daina koyar da karatu ne, ga allo nan ƙato an rubuta ba a taka ciyawar nan. Na ce mata mutum ya fi dubu a ƙarƙashin ƙafarta, nan ba wurin fitsarin karnuka ba ne.

Ba ta yi gardama ba. Ta ja igiyar karen, ta ba ni haƙuri har sau biyu kamar wata babbar mace.

"Ba fitsari zai yi ba," in ji ta. "Mamata yake nema. Ya san ƙanshinta."

Sunana Berit, shekarata ashirin da shida ina aikin maƙabartar garinmu, kuma kowa ya san bakina ba ya mutuwa. 

Tsarin filin tunawa ba ɓoyayye ba ne. Tokar gawar da aka ƙone muke binnewa, ba suna, ba dutse, ba dangi a wurin, ba a kuma rubuta inda aka sa kowa. Ni da hannuna na sa tokar uwar yarinyar nan, Sanna Ekdal, a watan Mayu, wata biyu bayan rasuwarta, ita da wasu mutum shida a safiya ɗaya, na mayar da ciyawar na danne da takalmi na tafi shan gahawa. Da Tuva ta tambaye ni ko na tuna wurin, na so in yi mata ƙarya in nuna gindin wata bishiya. Na kasa. Na ce ban sani ba, kuma gaskiyar ke nan.

Ubanta Joakim da kakarta Gun-Britt, wato uwar Joakim ɗin, su suka zaɓi filin, kuma wai saboda ita suka zaɓa. Kada a bar wa 'yar shekara goma sha ɗaya nauyin kabari, shuka fure da tsige ciyawa har ta tsufa. Ba a tambaye ta ba, don ta yi ƙanƙanta da irin wannan magana. Sun gaya mata Mama tana ko'ina, a iska, a ruwan tafki, a cikin zuciya. Tuva ta ce mini ita da an bar mata wuri ɗaya, ko'ina ya yi mata yawa.

Daga nan muka ƙulla yarjejeniya: in ƙarfe huɗu ta yi shugabanmu ya tafi gida, ni ban ga kare ba. Sunan karen Ludde, wani mai gashi buzu-buzu da kunnuwa har ƙasa, na uwar ne. Kullum zai zagaya filin ya kwanta a wani wuri, Tuva ta tsuguna kusa da shi tana magana ƙasa-ƙasa. Washegari ya canza wuri. Ta ce wataƙila ciyawar ce ta yi kauri, shi ya sa yake ruɗewa.

Ni ba likita ba ce, manjagara da shebur na sani. Amma na san yarinyar da ta ci farcenta har ta taɓa nama. Don haka na tsallaka titi zuwa zauren coci wajen Annelie, ma'aikaciyar cocin da ke kula da waɗanda aka yi wa rasuwa. Ashe abin da nake nema yana manne a ƙofa tun tuni: zaman yaran da suka rasa uwa ko uba, kowace Talata ƙarfe biyar da rabi, mako goma, kujera takwas. Ƙaramar hukuma da coci ne suka haɗa hannu, har da hoton zuciya a jikin takardar. Manya suna da nasu zaman a bene, yara a ƙasa, rana ɗaya lokaci ɗaya, don iyali su zo tare su koma tare. Wanda ya tsara abin ya yi tunani, ban da abin cewa. Sharaɗi biyu ne kawai. Sai uba ko uwa sun sa hannu, kuma bayan zama na huɗu an rufe ƙofa, don yaran sun fara sakin jiki da juna, ba a kawo musu baƙo.

Annelie ta ce sunan Joakim Ekdal yana cikin na manya tun watan Yuni. Na 'yarsa ne babu. Ta tuntuɓe shi, ya ce zai yi tunani. Ta ce za ta riƙe wa Tuva kujera ɗaya har zama na huɗu, daga nan abin ya fi ƙarfinta.

Na kai wa Tuva fom ɗin. Ta karanta shi sau biyu a tsaye, igiyar kare naɗe a hannunta. Ta tambaye ni ko duk yaran nan iyayensu sun mutu da gaske, na ce da gaske. Sai ta ce, "Ana barin mutum ya yi kuka, ko magana kawai ake yi?"

Na ce ana bari. Ta ninke takardar ƙanana-ƙanana ta cusa a bayan wayarta, ta ce za ta ba Baba in ta ga yau yana cikin walwala.

Talatar farko na ƙi tafiya gida da wuri. Biyar da kwata sai ga Joakim a kan keke, da hular kwanonsa da fitilarsa, shi kaɗai. Na tare shi a bakin zauren. Kada ku zaci wani mugu za ku gani. Dogon mutum ne mai ladabi, injiniyan hanya, idonsa jawur, yana ambaton matarsa hawaye ya zubo. Ya gode mini da na damu da Tuva, ya ce irin wannan kulawa ta yi ƙaranci a zamanin nan. Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai nuna taswirar gada.

Matsalar Ludde ce. Tun rasuwar Sanna karen ba ya iya zama shi kaɗai. In an bar shi sai haushi da kuka, ya cinye gindin ƙofa. Maƙwabta sun manna takarda har sau biyu a ɗakin wankin gidan benensu, ba suna ba sa hannu, kamar yadda muka saba. An dai yi sa'a karen yana da inshora, cikin kwana huɗu likitan dabbobi ya gan shi ya ɗora shi a kan maganin kwantar da hankali, kuma wata masaniyar halayyar karnuka tana zuwa gida duk bayan mako biyu. Ita ta ce kada a kuskura a bar shi shi kaɗai sai ya warke. To ranar Talata dole wani ya zauna da shi.

"Kin san abin da ake faɗa a jirgin sama, Berit," in ji shi. "Ka fara saka wa kanka abin numfashi kafin ka saka wa yaro. In na faɗi, wa Tuva take da shi?"

Na ce to a kawo mini karen. Gidana minti biyar ne, ba ni da miji ba ni da kyanwa, Talatata a banza take tafiya. Ya yi murmushi ya dafa ƙirji. Ya ce su ba sa son ɗora wa kowa nauyi, kuma masaniyar ta ce sai wanda karen ya saba da shi. Ya duba agogo ya ba ni haƙuri, ba a son a makara, yana taɓa sauran mahalarta.

Talata ta biyu na sake tare shi. Wannan karon a shirye ya zo. Ya ce sun yi taron iyali, su a gidansu ba a yanke wa yaro hukunci, an tambayi Tuva, ita da bakinta ta ce ba ta so. Ya ce ai dole a girmama ra'ayin yaro, ko ba haka ba? Yarinyar da ta yi ƙanƙanta a tambaye ta inda za a sa uwarta, cikin wata huɗu ta girma har ra'ayinta ya zama doka.

Tuva ta ba ni labarin taron, ba da sigar ƙara ba, ita ba ta san an yi mata wani abu ba. A teburin kicin aka yi. Baban ya riƙe hannunta yana hawaye, ya ce in tana son zuwa ta faɗa kawai, shi zai haƙura da nasa, duk da dai awa ɗaya da rabin nan ce kaɗai yake samun numfashi a mako. Kaka ta ce Tuva ce ƙarfin gidan nan, ita ba ta taɓa ganin yarinya mai dauriya irinta ba. Sai suka zuba mata ido suna jira.

"Da ma ban cika so ba," in ji Tuva, tana sosa kunnen kare. "Kuma Baba yana dawowa da sauƙi ranar Talata. Har waƙa yake yi in yana wanke kwanuka."

Gun-Britt kuwa ba sai na neme ta ba, sau biyu a mako take zuwa kabarin mijinta. Dutse ne baƙi mai sheƙi, sunansa da ruwan zinare, ga ɗan benci a gefe inda take zama tana ba shi labarin farashin man shanu. Na same ta a bakin famfo tana cika butar ban ruwa, na ce mata me zai hana ta riƙe karen ranar Talata. Ta ce Talata ranar koyon waƙarsu ce a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma gashin kare yana sa ta atishawa. Ta ƙara da cewa yaran yanzu an mayar da su ƙwai. Ita tana 'yar shekara tara ƙanƙarar tafki ta fashe da ubanta, washegari ta tashi ta tatsi shanu, ba wanda ya zaunar da ita a da'ira ya tambaye ta yaya take ji, ga ta nan kuma garau.

Na ce, "Garau ƙwarai, Gun-Britt. Shekara goma sha biyu kina hira da dutse. Ke kina da wurin zuwa, jikarki kare ne yake yi mata canki-canki."

Ta ce ita ba ta saba jin irin wannan magana daga ma'aikata ba. Ta ɗauki butarta ta tafi, ruwa yana zuba mata a takalmi.

Sanyi ya fara shigowa, ganye ya zube, aikina ya ƙaru, yarinya kuma tana ta zubewa a gabana. Wandon da ya yi mata daidai a Agusta sai da ta ɗaure shi da igiya. Ta fara zuwa tun ƙarfe goma na safe, in na tambaye ta makaranta ta ce ciwon ciki, Baba ya latsa waya ya sanar da su. In na raba mata burodina sai ta yi godiya, ina juya baya ta miƙa wa Ludde. Wata rana iska ta ture mata hula na ga wani fili a bayan kunnenta, faɗin bakin kofi, ba gashi ko ɗaya. Ta ce ba ta san lokacin da take tsigewa ba.

Ita take dafa abincin dare yanzu, don Baba in ya ga tukunyar Mama sai kuka. Kuma a gadon kare take kwana. Na tambaye ta dalili. Ashe tun watan Afrilu Joakim da uwarsa suka kwashe kayan Sanna kaf suka kai shagon gwanjo, don an ce tara kaya yana hana mutum ci gaba da rayuwa. Rigar sanyi ɗaya tak aka bari, shuɗiya, ita ma masaniyar karnuka ce ta ce a shimfiɗa wa Ludde don ƙanshin uwargijiyarsa ya riƙa kwantar masa da hankali. To in gida ya yi shiru sai Tuva ta sauko ta raɓa gefen karen, su raba rigar.

Ranar da na ji wannan ban iya cin abinci ba. Na ji haushin Joakim, na ji haushin kaina da na danne ciyawar nan da takalmi ban ko duba wacce bishiya ce kusa ba.

Na buga wa makaranta waya. Shugabar ta ce ba za ta iya tattauna ɗaliba da wadda ba danginta ba, amma in kwantar da hankalina, makarantarsu tana da rubutaccen tsari na rasuwa kuma an bi shi tsaf. An sauke tuta rabi, an kunna kyandir, an yi shirun minti ɗaya. Daga bakin Tuva na ji sauran. Mai ba da shawara ta makarantar, wadda makarantu uku suke rabawa, ta ba ta takarda mai fuskoki biyar, daga mai dariya zuwa mai kuka, ta ce ta zagaye wadda ta yi kama da ita. Tuva ta zagaye ta tsakiya don kada a kira Baba. Ta tsakiya ba ta buƙatar a yi komai.

Sai na kai rahoto ofishin walwalar yara, da sunana, ban ɓoye ba. Mata biyu suka je gidan, bayan sun aika da wasiƙa sun faɗi rana da lokaci. Tuva ta share gidan tas, Gun-Britt ta gasa burodin kirfa. Suka cire takalma a bakin ƙofa, suka sha gahawa, suka tambayi yarinya a ɗakinta ko lafiya, ta ce lafiya lau. Aka rufe maganar. Joakim ya nuna wa Annelie takardar da suka rubuto: gida mai tsafta, kaka a kusa, ga uba mai neman taimako da kansa duk mako, wanda babbar kariya ce ga yaro. Ya kuma gaya mata rahoton da na kai ya mayar da warkewarsa baya da mako biyu. Ya daina gaishe ni.

Talata ta huɗu ta zo ta wuce. Annelie ta ɗauki kujera ta takwas ta mayar ɗakin ajiya.

Ana cikin mako na shida sai ga Joakim har rumfar kayan aikinmu, fuskarsa a sake, da takarda a hannu. Ya ce ya zo ne don in ga ba sakaci yake yi ba. Rahoton masaniyar karnuka ne. Na sa tabarau na karanta. Matar ta rubuta cewa Ludde ya samu sauƙi sosai, abin da ya rage masa damuwar yarinyar gidan ce yake ɗauka. Ta ce ita ba fanninta ba ne, amma yarinyar nan ba ta cin abinci, ba ta barci, tana cikin mawuyacin hali, a nema mata taimako da gaggawa. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin gaggawa.

Duk garin nan, da masu digiri da masu fom, masaniyar karnuka ce ta kalli yarinyar ta gan ta. Na ce to alhamdu lillahi, yanzu ka gani a rubuce.

Ya ce ya gani, kuma ya ɗauki mataki nan take. Ya buga wa asibitin lafiyar tunanin yara, sun yi masa tambayoyi ta waya ya amsa, an sa ta a layi, wata uku ko huɗu. Kafin nan kuma ba adalci ba ne a bar dabba tana shan wahalar abin da ba ita ta jawo ba. Ya samo wani iyali a ƙauye, suna da gona da yara uku, ranar Asabar suka zo suka tafi da Ludde. Ya ce shawara ce mai ciwo, amma wani lokaci dole babba ya yi abin da ya dace.

Na tambaye shi rigar fa.

"Wace riga? Oho, shuɗiyar. Ai da ita ya tafi. Sun ce zai fi saurin sabawa da sabon wuri."

Sannan ya zaro fom ɗin daga aljihu, duk ya yi layi-layin ninki, da sa hannunsa a ƙasa, kyakkyawan rubutu. Ya ce tunda yanzu babu maganar kare, Tuva za ta iya zuwa ranar Talata. Yana kallona yana jiran yabo. Allah ya sani shebur yana hannuna, na jingine shi da bango don kada shaiɗan ya yi aikinsa.

Annelie ta yi iya yinta. Ta roƙi abokiyar aikinta ta ƙaramar hukuma, aka ce ƙa'ida ce, yara bakwai sun riga sun buɗe cikinsu, sai zagaye na gaba a watan Maris. Ta kira Tuva ta zo su zauna su biyu ranar Alhamis. Tuva ta zo sau ɗaya, ta zauna a bakin kujera, ta ce ba ta da matsala, ta gode da shayi. Joakim ya ce wa Annelie, kin gani ko, ai na faɗa.

Bayan tafiyar karen Tuva ta daina shiga filin. Sai ta tsaya a gefe inda ake ajiye furanni, hannu a aljihu, ta yi ta kallon ciyawa. Hirar ma ta ƙare. In na yi mata magana ta gyaɗa kai. Na sake buga wa ofishin walwala, aka ce an duba gidan kwanan nan, ko akwai sabon abu? Na ce yarinyar tana ƙarewa. Aka ce za a rubuta.

Talata ta goma dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Na tsaya bayan tashi ina yayyafa yashi a hanyoyi don kada tsofaffi su zame da safe. Wajen ƙarfe shida, duhu ya riga ya rufe, na tura baro ta gefen filin tunawa, fitilar goshina ta haska wani abu ja a ƙasa. Hularta ce. Tuva tana kwance a gefenta, ƙanƙara ta fara rufe mata kafaɗa, leɓenta ya yi shuɗi. Na kira ta ba ta amsa ba. Da na ɗaga ta sai na ji kamar damin ganye na ɗauka, ni mai gwiwa ɗaya ban ko yi nishi ba.

Na kai ta rumfa na lulluɓe ta da rigata, na kira motar asibiti. Na kira Joakim, wayarsa a kashe, ƙa'idar zaman ce. Da ma'aikatan asibiti suka iso suka karɓe ta, na tsallaka titi. A ƙasa na ji yara suna dariya. Na hau bene, a ƙofar an rataya kwali an rubuta kada a dame mu. Na tura da ƙafa.

Zaman ƙarshe ne, an yanka kek, kyandir yana ci a tsakiyar tebur. Joakim ne a tsaye yana jawabi, hawaye har gemu. Na shigo daidai yana cewa da ba don 'yarsa ba da bai kai yau ba, ita ta ɗauke shi a bayanta tun watan Maris, yarinya ce mai ƙarfin hali na ban mamaki. Wata mata tana share ido.

Na ce, "Ta sauke ka. Tana cikin motar asibiti, in ka gama."

A asibiti likita ta ce nauyinta na 'yar shekara takwas ne, zuciyarta tana bugawa a hankali, da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi. Kuma ku zo ku ga ikon Allah. Kafin rana ta sake faɗuwa Tuva ta ga likitan yara, da likitar tunani, da mai tsara abinci, da ma'aikaciyar walwala, ɗaya daga cikin biyun nan da suka ci burodin kirfa. Layin wata huɗu ya ɓace. Makaranta ta aiko da kati, duk ajin sun sa hannu. Gun-Britt ta fasa zuwa waƙa. Ashe duk ƙofofin nan suna buɗuwa, sai dai sai yaro ya faɗi a bakinsu tukuna. Muna da tsari ga yaron da uwarsa ta mutu, da tsari ga uban da matarsa ta mutu, da tsari ga karen da uwargijiyarsa ta mutu, kowanne da fom ɗinsa, kowa kuma ya bi nasa bai yi kuskure ba. Na nemi wanda ya karya ƙa'ida a labarin nan, ni kaɗai na samu, da na bar kare ya taka ciyawa.

Kwana biyar ba ta yi wa kowa magana ba. Ranar Lahadi aka bar ni na shiga. Tana kwance da siririn bututu a hanci, hannuwanta a kan bargo. Na zauna na yi ta surutuna na banza, gwiwata, yashi, shugabanmu da ya zame a bakin ofis. Can ta juyo da kai ta kalle ni. Na matso, ina zaton za ta tambayi karen, ko uwarta.

"Berit," in ji ta, muryar da ƙyar take fita. "Ranar Talata ce na faɗi, ko?"

Na ce Talata ce.

"Ta ƙarshe ce, mai kek. Tun tuni yake jiranta." Idonta ya ciko. "Ki ce wa Baba ya yi haƙuri. Ban yi da gangan ba."

Na fito na same shi a baranda, zaune da kofin gahawa a hannu, ya rame shi ma. Na tsaya a kansa na maimaita masa maganar yadda ta faɗe ta, ban ƙara ba ban rage ba, don ina son in ga ta shige shi. Ya rufe fuska ya yi kuka sosai, kafaɗunsa suna rawa. Na jira. Da ya natsu ya share ido ya kama hannuna.

"Allah Sarki, Tuva," ya ce. "Ki gaya mata kada ta damu ko kaɗan. Na yi magana da masu shirya zaman, sun ce zan iya ramawa da 'yan zagaye na gaba."